Wai da gaske ana haska albasa don kada ta tsira a rudu?

Ɗan Fadama (Aliero): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, don Allah masu sani su fara magana, masu barkwanci su ɗan jira. Bana buhu 180 na zuba a rudu, wato rumfarmu ta ajiyar albasa, bayan mun cire albasa a watan uku, na ce ba ni sayarwa sai ta yi kuɗi. Shekaranjiya munka buɗe munka tsince, mai kyau ba ta wuce buhu 110 ba. Wata ta ruɓe, wata ta motse, wata kuwa ta fito da kore shar kamar an dasa ta bakin rafi. Ɗan ƙanena da ke jami'a ya ce a Indiya akwai wurin da ake shigar da albasa a haska ta da hasken nukiliya, ta yi wata da watanni ba ta tsira ba. Na yi mai dariya, ya rantse. To gaskiya ne? In gaskiya ne, ana cin ta lafiya? Kuma akwai irinsa ƙasar nan?

Gaskiya Ɗaci: Nukiliya a cikin miya? Alhaji ka rufa mana asiri. Fiya-fiyar da ake zuba wa wake ba ta ishe mu ba, sai an haɗa da bam?

Dillalin Karfi: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Alhaji, buhu 70 ba wasa ba ne. Ni tambayata ɗaya ce: nawa ake haska buhu? In ya fi la'adata, ba ni a ciki.

Malamin Kimiyya (Zariya): Alhaji, yaron bai yi maka ƙarya ba. Abin ma ya girme shi, ya girme ni. Tarayyar Sobiyat ta halatta haska dankalin Turawa don hana shi tsira tun 1958. Kanada ta bi a 1960, ta ƙara da albasa a 1965. A tsibirin Hokkaido na Japan, ƙungiyar manoman garin Shihoro ta shafe shekaru da dama tana haska dankalinta tun daga shekarun 1970.

Ka ɗauki albasa ɗaya ka tsaga ta daga kai zuwa gindi. Can tsakiya, daidai saman faifan da saiwa ke fitowa, za ka ga wani ɗan ido ƙanƙani. Shi ne zai zama lawashi. Bayan an cire albasa daga gona, idon nan barci yake yi na 'yan makonni. In ya farka, ƙwayoyinsa su fara rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har kore ya leƙo, yana shanye abincin da ke jikin albasar tana zama fanko. Hasken nukiliyar da ake haska ta da shi, wanda ake kira gama, yana ratsa albasar ne ya lalata wa ƙwayoyin idon ikon rabuwa. Sauran jikinta ya riga ya gama girma, ba shi da wata rabuwa da zai yi, shi ya sa ɗan hasken bai cika damunsa ba.

Wurin kuwa ɗaki ne mai katangar kankare, kaurinta kusan mita 2. A tsakiyarsa akwai rijiya mai zurfi cike da ruwa, a cikinta ake ajiye sandunan kobalt-60, sinadarin da ke fitar da hasken gama, da aka rufe cikin ƙarfe, ruwan ne ke tare hasken. In za a yi aiki, kowa ya fita a kulle ƙofa, a ɗago sandunan, akwatunan albasa su zagaya su a kan bel su fice. Albasa ba ta taɓa kobalt ɗin ko sau ɗaya.

Gaskiya Ɗaci: Malam, ka ce kowa ya fita a kulle ƙofa. Don me ake fita in abin ba ya kisa?

Malamin Kimiyya: Yana kisa mana, ban ɓoye maka ba. Ma'aunin hasken da jiki ya sha ana ce masa gire. Mutum ya sha gire 4 ko 5 a duk jikinsa lokaci guda, in ba a kai masa ɗauki ba, rabin irinsa ba sa kai labari. Albasa kuwa tsakanin gire 20 zuwa 150 ake ba ta.

Gaskiya Ɗaci: To kun ji da bakinsa. Biyar ta kashe ƙato, a ba albasa ɗari, a ce in yanka wa 'ya'yana a kan shinkafa da wake.

Malamin Kimiyya: Ɗan'uwa, sa hannunka a murhu na minti biyar ka gani. Amma tuwon da ya yi awa guda a kan wutar ka ci ka side hannu. Abin tambaya shi ne ko wutar ta biyo tuwon cikin kwano. Hasken kobalt-60 ba shi da ƙarfin da zai taɓa cibiyar ƙwayar zarra ya mayar da abinci mai fitar da haske da kansa. Yana wucewa ne kamar yadda hasken hoton ƙirji ke wuce ka a asibiti, ba ka koma gida kana haska iyali. Ko ɗumi ba ya sa wa albasar: gire 100 ba ya ɗaga zafinta da ko kashi ɗaya cikin goma na digiri guda.

A 1980 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya, da Hukumar Abinci da Aikin Gona, da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya yanke cewa haska abinci har zuwa gire 10,000 ba ya haifar da guba. Ka gwada 150 da 10,000. Kuma sirinji da safar hannu da ake amfani da su a asibiti, da yawansu da wannan hasken aka kashe musu ƙwayoyin cuta. In ka taɓa sayen tafarnuwar Sin fara sol ɗin nan, ka sani Sin na cikin ƙasashen da suka fi kowa haska tafarnuwa.

Maman Ihsan (Kano): Ikon Allah. Ni dai mai tukunya ce, kullum sai na yanka kwando guda a shago. Tana yaji? Tana sa hawaye? In ba ta sa hawaye ba, ba albasa ba ce.

Malamin Kimiyya: Za ki yi hawayenki yadda kika saba, Hajiya. A wannan ɗan ma'aunin ɗanɗano da yaji ba sa canzawa yadda harshe zai gane. Aibinta ɗaya da za ki iya gani: idon nan da aka kashe, in ajiya ta yi tsawo a wuri mai zafi, yakan yi duhu. Ki tsaga ki ga ɗan baƙi-baƙi a zuciyarta. Ba guba ba ne, ba kuma ruɓa ba ce, amma ido ba ya so. Ya fi faruwa in an makara wajen haskawa, bayan idon ya riga ya farka.

Maman Ihsan: To ka ga matsala. Mai sayen kwaɗo ya ga baƙi a cikin albasa, ai cewa zai yi ruɓaɓɓiya na yanka masa. Ba zan tsaya yi wa kowa karatun kimiyya da tsakar rana ba.

Malamar Gona (Birnin Kebbi): Ku yi haƙuri in katse ku. Alhaji, kafin a kai ka Indiya, ina so ka koma bakin rudun nan. Buhu 70 da ka ce, ka kasa su kashi uku: wadda ta tsira, wadda ta ruɓe, da wadda ba ka gan ta ba ko kaɗan saboda ta rame ta tafi a iska. Ka gaya mana kason da ya fi yawa.

Dalilina shi ne, hasken da Malam ya bayyana abu ɗaya tak yake yi: hana tsiro. Albasar da aka haska tana nan da ranta, tana numfashi, ruwan jikinta na fita, za ta rame. Baƙin fumfunar nan da ke kwanciya ƙarƙashin ɓawo kamar garin gawayi, gire 100 ba ya ko gaishe ta. Ruɓar da ke shiga ta wuya albasa ta narke tana wari, ita ma haka. Kafin a kashe waɗannan sai an kai dubban gire, kuma a nan albasar da kanta za ta yi laushi ta lalace.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Albasa ta fi saurin tsira a matsakaicin yanayi, wajen digiri 10 zuwa 20. Kusa da sifiri tana barci. Sama da 25 zuwa 30 ma tana barci. Wato zafin watan huɗu da na biyar da muke kuka da shi a Sakkwato da Kabi, shi ke danne mana tsiro kyauta. Sai ruwa ya sauka, gari ya yi laima da sanyi-sanyi, sannan kore ke leƙowa. Amma wannan zafin da laimar su ne abincin fumfuna. Turawa da ke ajiya a yanayin sanyi, babban abokin gabarsu tsiro ne. Mu namu ya fi yawa a ruɓa da rama.

Ɗan Fadama: Hajiya Malama, wallahi ban ƙidaya ba. Haushi bai bar ni ba, yara na ce su kwashe su jibge gefe. Suna nan ba a zubar ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a rarrabe.

Baba Mai Rudu (Galmi): Salamu alaikum. Jikana ka rubuta mini, ni nika faɗi. Ɗiyata Malama ta yi magana, Allah shi yi mata albarka. Ni shekara arba'in da wani abu ina zuba albasa ga rudu. Da, albasa kan kai wata biyar ba ta yi mugun ɓaci ba. Yanzu mi ya canza? Ba rudu ba na. Yara sun koyi tura ma albasa taki har tana kusa cirewa, don ta yi ƙaton kai ta cika buhu. Suna ba ta ruwa har jajibirin cira. Ta fito da wuya kamar na sa, wuyan bai bushe ba anka yanke lawashi, anka watsa ta buhu, anka jefa ta mota kamar dutse. Wagga albasa ko Makka kak kai ta anka haska, ruɓewa za ta yi. An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma wadda anka cika ma ruwa, halin ruwa za ta yi.

Mu muna ɗauke ruwa tun da saura, mu bari lawashi shi kwanta da kainai, mu cire, mu rufe kawunan da ganyen su sha iska kwanaki, wuya shi ƙulle. Sannan a tsince mai rauni a kai kasuwa, mai lafiya ta hau gado, iska na bi ta ƙasa. Kowane sati biyu a shiga a duba.

To tambayata ga Malamin Zariya: albasar da anka kashe ma ido, in na dasa ta, tana ba ni iri?

Malamin Kimiyya: Allah ya ƙara girma, Baba. Ba za ta bayar ba. Idon da zai fito da kara ya yi fure ya yi iri, shi ne aka kashe.

Baba Mai Rudu: To kun ji. Mu nan irinmu daga albasar bara shika fitowa. Mu zaɓi kawuna masu kyau, masu launin nan namu, mu aje, sanyi ya shigo mu dasa su yi fure. Wanda nashi bai isa ba shi tai kasuwa shi sawo kawuna. Ran da albasa mai mataccen ido ta gauraya da mai rai cikin kasuwa, wa ka gane su? Mutum shi yi ban ruwa wata guda shina jiran abin da ba shi zuwa.

Malamar Gona: Wannan maganar ta Baba ita ce mafi nauyi da aka yi tun da aka fara. A ido ba a bambance su. Haka ma maganin hana tsiro da ake fesawa a gona kafin cira, wanda ake kira MH, shi ma yana ɓata albasar iri. Duk inda za a kawo irin wannan, dole buhu ya fito da shaida.

Malamin Kimiyya: Akwai shaidar kuwa. Wani koren tambari ne, da'ira da ɗan tsiro mai ganye biyu a ciki, ana ce masa Radura. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce a rubuta a jikin kaya cewa an haska shi, kuma NAFDAC tana da nata dokokin a kan abincin da aka haska.

Dillalin Karfi: Malam, tambari a jikin buhu? Ka taɓa zuwa Karfi ko Gun Dutse ranar da kaya suka sauka? Buhu ɗaya sai ya canza riga sau uku kafin ya kai kasuwar Mile 12 ta Legas. A zazzage, a tsince, a gauraya da ta wani, a sa manya a baki, a ɗinke. Daga nan mai kwando ta saya, mai tire ya kasa ta kashi-kashi a bakin titi. A goshin wace albasa za a manna tambarin?

Ustaz Na Bakin Kasuwa: Tunda an zo nan bari in sa baki. Asali a abinci halacci ne sai in cutarwa ta tabbata, kuma tabbatar da ita aikin masana lafiya ne, ba na masu zato ba. Amma ɓoye wa mai saye abin da in ya sani zai fasa, wannan algus ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Wanda ya sayar wa manomi albasar da aka haska alhali ya san dasawa zai yi, ya ci haram. Da kuma mai sa manya a bakin buhu, Alhaji Dillali, tunda kai ka kawo zancen.

Dillalin Karfi: Allah gafarta Malam, ni labari na bayar, ban ce ni nake yi ba.

Ɗalibin Pune: Ina gaida iyayena da yayyena. Ina karatu a jihar Maharashtra, kuma wurin da ake magana a kai yana jihar, a garin Lasalgaon na gundumar Nashik. Kasuwar albasar garin ita ake kira mafi girma a Asiya. Cibiyar binciken nukiliya ta Bhabha ce ta gina wurin haskawar, sunansa KRUSHAK, aka buɗe shi a 2002, kuma don albasa aka yi shi.

Ku san fa a nan albasa siyasa ce. Har yau ana cewa tsadar albasa na cikin abin da ya kayar da gwamnatin Delhi a zaɓen 1998. Gwamnatin tarayya takan sayi albasa ta tara don ta sake ta in farashi ya haura, kuma a 2023 ta gwada haska wani ɓangare na wannan ajiyar a Lasalgaon. Masanansu suna maganar ajiya ta wata bakwai da ɗoriya, amma in an haɗa haskawa da ɗakin sanyi. Ba haskawa kaɗai ba.

Abin da zai ba ku mamaki: wurin da aka gina don albasa, da mangwaro ya yi suna. Tun 2007 da Amurka ta yarda a shigar mata da mangwaron Indiya in an haska shi don kashe ƙwari, masu fitar da mangwaro suka rungume shi. Manomin albasa na ƙauye kuwa yawanci yana nan da rumbunsa mai shan iska da suke kira kanda chawl. In Baba ya gan shi zai ce ɗan'uwan rudu ne da aka yi wa ƙafafun ƙarfe.

Gaskiya Ɗaci: Yauwa. Masu abin ma sun koma rudu.

Ɗalibin Pune: Ba komawa suka yi ba yaya, ba su taɓa bari ba. Lissafi ne. Mangwaron da za a sayar da dala ya iya biyan kuɗin haskawa da na mota. Albasar da a kaka wani lokaci ko kuɗin buhunta ba ta mayarwa, wa zai ɗora mata lodi da saukewa sau biyu?

Ɗan Fadama: To Malam, saura tambayata ta uku. Akwai shi Najeriya?

Malamin Kimiyya: Akwai. A Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, akwai wurin haskawa da hasken gama da aka ƙaddamar a 2006, yana ƙarƙashin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. Ghana ma tana da nata a Kwabenya, gefen Accra. Mu a Zariya abin da muke da shi ƙaramin injin nukiliya ne na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, shi ba na haska buhuna ba ne.

Amma ka auna da kanka, Alhaji. Daga Aliero zuwa Sheda ya haura kilomita 500. Kuma dole a haska ta cikin makonnin farko bayan cira, tun idon na barci. Wato a tsakiyar zafin bazara za ka loda ta, ta sha jijjiga a hanya, a sauke, a haska, a sake lodawa. Duk ƙujewa da bugu ƙofa ce ga ruɓa. Daga nan ina za ka ajiye ta? Ka dawo da ita Aliero?

Dillalin Karfi: Ai motocin da ke zuwa Onitsha da Fatakwal ta ƙofar wurin suke wucewa.

Malamar Gona: Suna wucewa, amma wadda ke cikinsu za a cinye ta cikin sati biyu. Me za ta yi da maganin tsiro? Mai buƙatar haskawa ita ce wadda za ta zauna, ita kuwa a Aliero da Goronyo da Wurno take zaune.

Na Kotoku (Accra): Gaisuwa ga kowa. Mu da ke karɓar albasar Galmi da Madawa a nan, tun da aka tashe mu daga kasuwar Agbogbloshie aka kawo mu Adjen Kotoku a 2021, ban taɓa yin kuka da tsiro kamar yadda nake kuka da hanya ba. Mota ta kwana huɗu, biyar, wani lokaci fiye, a kan iyaka da shingaye, an lulluɓe ta da tamfol cikin rana. Kafin a buɗe ka ji warin daga nesa. Ga laimar bakin teku. Wanda zai rage mini kwana biyu a hanya ya fi mini mai haske.

Baba Mai Rudu: Ni abin da ka ba ni dariya, mu da ke da Arlit, ana haƙar abin nukiliya ƙasarmu Nijar tun ina saurayi, amma sai an tai Indiya a ga amfaninai ga albasa.

Malamin Kimiyya: Baba, na Arlit yuraniyom ne, shi ake sa wa injin nukiliya ya ba da wuta. Kobalt-60 ba a haƙo shi. Kobalt na yau da kullum ake sakawa cikin injin nukiliya ya daɗe yana shan haske har ya rikiɗe, kuma Kanada da Rasha na cikin manyan masu sayar da shi. Ga inda gizo ke saƙa: yana mutuwa da kansa. Duk shekara 5 da 'yan watanni ƙarfinsa na raguwa da rabi, wato wajen kashi 12 cikin 100 a kowace shekara, ko ka yi aiki da shi ko ka kulle ɗakin ka tafi biki. Albasa kuwa lokacin haska ta bai wuce wata biyu zuwa uku a shekara ba. Duk wanda ya gina irin wannan wuri a Sakkwato don albasa kaɗai, zai yi wata tara yana kallon kuɗinsa na narkewa cikin rijiya. Sai ya haɗa da citta, barkono, wake, busasshen kifi, doya wadda ita ma tsiro ke cinye ta, da kayan asibiti, sannan lissafi zai fita.

Gaskiya Ɗaci: Ni fa har yanzu ban sauka ba. Na yarda albasar ba ta ɗauko hasken. Amma sandunan fa? A ƙasar da ake kwance ƙarfen gada a kai wa 'yan gwangwan?

Malamin Kimiyya: Wannan tsoron naka ya fi na farko tushe. A 1987 a garin Goiania na Burazil, masu jari-bola suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi suka kwance injin gashin ciwon daji. Suka fasa, suka ga wani gari mai sheƙi shuɗi, aka riƙa nuna wa dangi da maƙwabta. Siziyom-137 ne, shi ma sinadari ne mai fitar da hasken gama. Mutum 4 suka mutu, aka rushe gidaje, aka auna mutane sama da 100,000. Shi ya sa ba a barin irin wannan kaya sai da lasisi da tsaro, a Najeriya akwai hukuma ta musamman mai sa ido kan harkar nukiliya. Akwai kuma injinan da ke samar da haske da wutar lantarki, irin na hoton ƙashi amma mai ƙarfin gaske. Ka kashe makunni, haske ya ɗauke, babu abin sata mai kisa. Sai dai suna son wuta mai ƙarfi wadda ba ta ƙyaftawa.

Maman Ihsan: Wuta wadda ba ta ƙyaftawa. To Malam a bar zancen, mu da firjin shago ya koma kabad.

Ɗalibin Pune: Amma kada mu yi dariya mu watsar. Ga babban ɗan kasuwa ko gwamnati mai ɗakin sanyi, haskawa na da amfani na gaske. Albasar da ta daɗe a sanyi, da an fito da ita ta ji ɗumi sai ta tsira cikin kwanaki. Wadda aka haska ba ta yin haka. A nan ne kuɗin ke dawowa.

Malamar Gona: Na yarda da kai, ƙanena. Ba cewa na yi ba ta aiki ba. Cewa na yi ita ce hawa na uku, mu kuwa ba mu gama dasa tubalin farko ba.

Ɗan Fadama: Salamu alaikum, na dawo. Tun da hantsi muke bakin rudu. Ga abin da munka samu cikin 70 ɗin. Wadda ta tsira amma jikinta da sauran ƙwari, buhu 14. Ruɓaɓɓa, har da mai baƙin gari, buhu 31, kuma mafi yawanta daga kusurwar gabas inda rufi ya yi yoyo ban sani ba. Sauran 25 babu su ko'ina, rama ce kawai. Kuma Baba, gaskiyarka, bana na ƙara taki daga baya don na ga ta maƙwabcina ta fi tawa kai.

Baba Mai Rudu: Ai na sani. Kusurwar gabas nan ruwa ka bugowa. Ka sake jinka tun ba a yi wani ruwan ba, ka ɗaga gadon ya ƙara tsawo.

Gaskiya Ɗaci: Wato da an kai ka Sheda an dawo, 14 za a ceto maka cikin 70.

Malamin Kimiyya: Sha huɗun, da ɗan wani abu daga ramar, don mai tsiro ta fi saurin bushewa. Ka cire abin da hanya za ta ci.

Dillalin Karfi: Alhaji, sha huɗun nan mai tsiro, ka yi mata kuɗi in turo yaro. Kada ka bari ta ƙara kwana.

Maman Ihsan: Ka ji shi. Ɗazu yana cewa ba ya ciki. Alhaji, in za a sa ta a motar Kano ni ina son buhu biyu, miya ba ta san ta tsira ba, lawashin ma ina da aikin da zan yi da shi.

Ɗan Fadama: Hajiya naki biyu suna nan, motar jibi. Alhaji Dillali, saura 12, kuma ba ni sallamawa a rubuce. Kira ni bayan la'asar.